Bak Ba Gurbi Ba Ce: Ƙa'idodin Shiga Jami'a ga 'Yan Tasawa da Mayahi Masu Son Faransanci ko Italiyanci

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidajen da aka dace a Tasawa da Mayahi sukan cika da guɗa da 'yan barka. Murnar ta cancanta, domin a shekarun nan, cikin mutum 3 da suka zauna jarrabawar a Nijar, sau da yawa da ƙyar 1 ke tsallakewa. Amma a cikin hayaniyar akan manta da abu guda: takardar bak izinin neman gurbi ce a jami'a, ba ita ce gurbin ba. Gurbin yana da nasa sharuɗɗa, da nasa takardu, da ranakun buɗewa da rufewa, kuma waɗannan ranaku babu ruwansu da cewa yaro yana Kanambakashe ko Urafan yana taya mahaifinsa maimai a gonar hatsi. Ɗan Yamai yakan ji labarin rajista tun a bakin titi. Ɗan ƙauyen Mayahi kuwa sai labarin ya tsufa kafin ya iso shi.

Abin ya fi tsanani ga mai son karatun harshe. A jami'o'i da yawa na Turai da Amurka, Faransanci da Italiyanci a sashe ɗaya ake koyar da su, saboda duk daga Latin suka fito. A wurinmu kuwa ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Na farko yaro yana jin sa tun ranar da aka kai shi lakwal, har ya ɗauka ya gama da shi. Na biyu bai taɓa jin sa a aji ba, abin da ya sani game da shi daga bakin waɗanda suka bi ta Agadas da Libiya ne. Mai neman Faransanci raini ke kayar da shi, mai neman Italiyanci kuma 'yan damfara ke cin kuɗinsa.

Faransanci: gurbin da ake rainawa

Gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012, kuma jami'ar da ke jiharsu ita ce Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010. An gina ta ne kan kimiyya da fasaha, da noma da muhalli, da kiwon lafiya. Saboda haka wanda ya fito da bak ta adabi, yana son ya zurfafa a Faransanci, ba Maradi zai nufa ba. Ko dai ya yi gabas zuwa Jami'ar André Salifou ta Damagaram, inda akwai tsangayar adabi da ilimin zamantakewar ɗan Adam, ko ya yi yamma, tafiyar sama da kilomita 700, zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ga ɗan Tasawa, da yake garin yana kusan tsakiyar hanyar Maradi da Damagaram, zaɓin farko ya fi sauƙin kuɗin mota da samun gidan dangi. Wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, musamman ga yarinya, domin gidaje da yawa ba karatun suke tsoro ba, masaukin suke tambaya. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isar masu nema, kuma neman ɗaki dosiye ne daban da na rajista, a ofis daban.

Sunayen jami'o'in Maradi da Yamai ma suna da abin lura. Dankoulodo Dan Dicko, wanda jami'ar Maradi ta ɗauki sunansa, masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne, amma shi ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974, hukumar da aka kafa a Yamai ranar 20 ga Maris 1970. Shi kuwa Abdou Moumouni Dioffo, a nan Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin makamashin rana ne, ya kai ƙololuwa a karatun Faransa, amma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya kan cewa yaran Afirka da harsunansu ya kamata a koyar da su. Bai ga wani karo tsakanin ƙwarewa a Faransanci da kishin harshen uwa ba.

Na kawo wannan ne saboda ruɗanin da ya shiga tun 2025. A watan Maris na shekarar Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma a ranar 26 ga watan aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki ne. Wasu iyaye suka fahimci abin da cewa an rufe babin Faransanci, har suna hana 'ya'yansu zaɓensa. Wasu samari kuma suka ɗauka cewa daga yanzu raunin Faransanci ba zai hana su komai ba. Duka biyun kuskure ne. Da Faransanci ake zana bak, da shi ake ba da darasi a tsangayoyin likitanci da shari'a da noma, da shi ake rubuta takardar neman aiki. Kuma ranar da ƙasa za ta mayar da dokokinta da littattafan makarantunta cikin Hausa da gaske, mutanen da za a fi nema su ne waɗanda suka ƙware a harsunan biyu tare. A ganina ɗan Mayahi da ya haɗa Faransanci mai ƙarfi da Hausa mai ƙa'idar rubutu ya fi kowa dacewa da zamanin nan. A Yamai akwai sashen kimiyyar harshe da harsunan ƙasa a tsangaya guda da sashen adabi, kuma yara kaɗan ne daga yankinmu ke tunawa da shi lokacin zaɓe.

To, wa ake ɗauka? Bak ta adabi, wato A4, ita ce hanyar da aka saba, sai A8 ta 'yan makarantun Faransanci da Larabci. Masu duba dosiye ba jimillar maki kaɗai suke kallo ba, suna duba makin da ɗalibi ya samu a darasin da yake son ya karanta. Wanda ya tsallake bak da ƙarfin tarihi da falsafa alhali Faransancinsa ya faɗi ƙasa da 10 bisa 20, ya san cewa takardar makinsa za ta yi magana kafin shi.

A nan ne rainin yake. An saba ɗaukar sashen adabi a matsayin inda ake faɗawa idan shari'a ko aikin jarida sun ƙi. Yaro zai ce ai Faransanci ne, shekara 13 ina yin sa. Ya shiga aji sai ya tarar ana maganar tarihin harshen tun daga Latin, da nahawu mai zurfi, da ilimin furuci, da adabin ƙarni na 17, da marubutan Afirka irin su Boubou Hama da Abdoulaye Mamani, ana kuma son ya karanta littafi sukutum a mako ya rubuta sharhi mai tsari. Shekara 13 ɗin nan da yake taƙama da su, a wane irin aji aka yi su? Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran da ke kammala firamare ne suka kai matakin karatu da ake bukata. A 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen kashi 30, wanda ci gaba ne, amma yaran da aka auna a waɗancan shekaru su ne ke ƙofar jami'a yanzu ko cikinta. Ba laifinsu ba ne. Aji mai yara fiye da kima, rumfar kara da sai an gama girbi ake kafa ta, littafi ɗaya ga teburi guda, mushe ɗan kwantaragi da albashinsa ke makara: wanda ya fito daga nan ya ci bak jarumi ne. Sai dai jami'a ba ta rage ma'auninta saboda jarumta. Wanda ya san haddar darasi ce ta fitar da shi, to watannin da ke tsakanin bak da buɗe jami'a na karatun littattafai ne, ba na hutu ba.

Rajista biyu ce, ba ɗaya ba

Wannan shi ne abin da ya fi kayar da baƙi. Akwai rajistar hukuma, wadda ake yi a babban ofishin kula da ɗalibai: a miƙa dosiye, a biya kuɗi, a karɓi lamba da katin ɗalibi. Yanzu galibi ana fara ta da cike bayanai ta intanet. Sannan akwai rajistar karatu, wadda ake yi a tsangaya ko a sashe, inda ake rubuta sunan ɗalibi a darussan zangon da rukunin da zai zauna. Wanda ya yi ta farko ya koma gida da kati a aljihu yana jiran a kira shi, ranar jarrabawa zai iya neman sunansa a jerin da aka liƙa ya rasa. Rasidin kowane biya a adana shi, a kuma ɗauki hotonsa a waya.

Dosiye kuwa abin da ke cikinsa sananne ne: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu, shaidar cin bak, takardar maki, da hotuna, kowace takarda da kwafin da hukuma ta buga wa hatimi. Matsalar ba yawansu ba ce, saɓaninsu ne. A ƙauyukanmu yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai da za su zana jarrabawar firamare ko ta kwaleji aka je kotu aka samo hukuncin da ke maye gurbinta, aka sa musu 1 ga Janairu. A wata takarda an rubuta Mahamadou, a wata Mahaman, a ta uku Mamane. A wata sunan uba ne a gaba, a wata na kaka. A lise ana iya kau da kai, domin kowa ya san yaron. Na'urar rajista ba ta san kowa ba, ofishin jakadanci kuma ya fi ta tsanani. Gyaran harafi ɗaya yana iya cin makonni tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu da hukumar OBEECS mai kula da bak. Lokacin wannan aiki shi ne farkon ajin ƙarshe na lise, tun kafin a rubuta sunan yaro a jerin masu jarrabawa. Uba ya zauna da takardun ɗansa, ya sa wanda ya iya karatu ya gwama su harafi da harafi.

Shekarun haihuwa ma suna da nauyi, domin hukumar ANAB mai ba da burs da tallafin ɗalibai tana duba maki da shekaru. Neman burs shi ma dosiye ne mai zaman kansa, da nasa wa'adi. Samun gurbi ba ya jawo burs da kansa, kuma ko an samu, kuɗin ba ya zuwa a watan farko. Gidan da zai tura yaro ya tanadi guzurin watanni.

Bayan an shiga, tsarin da ake bi shi ne na lisans shekara 3, mastar 2, dakta 3. Kowace shekara zango biyu ce, kowane zango kiredi 30, lisans kuma sai an tara 180. Darasin da aka ci an ci shi ke nan, wanda aka faɗi ya zama bashi, ana biyansa a zama na biyu ko a shekara mai zuwa. Yara sukan raina ƙananan darussa, irin su Ingilishi ko dabarun rubutu ko kwamfuta, su ce ba su ne karatuna ba. Kiredi 2 da aka bari a shekarar farko suna iya riƙe takardar lisans baki ɗaya. A kuma sa a lissafi cewa a jami'o'in gwamnati shekarun karatu kan hau kan juna saboda yajin aiki da cunkoso, har shekara 3 ta rubuce ta zama 4 a zahiri. Wanda burinsa koyarwa ne a kwaleji ko lise, ya sa ido kan sanarwar babbar makarantar horar da malamai ta Yamai, domin ita tana da tata tantancewa.

Matakin harshe sai da shaida

Da zarar an tsallake iyaka, "na iya" ba ta aiki. Tun 2001 Majalisar Turai ta fitar da ma'aunin harsuna mai matakai 6, daga A1 na mai farawa zuwa C2 na gwani, kuma kusan duk jami'o'in Turai da shi suke magana. Matakin da aka fi nema don shiga shekarar farko shi ne B2: mutum ya bi lacca, ya karanta rubutu mai nauyi, ya kare ra'ayinsa a rubuce da baki. A Faransanci, shaidar DELF ta B2 jarrabawa huɗu ce, sauraro da karatu da rubutu da magana, kowace maki 25. Ana bukatar 50 bisa 100, kuma wanda ya samu ƙasa da 5 a ɗaya daga ciki ya faɗi ko da jimillarsa ta kai. Ita ba ta tsufa. Gwajin TCF kuwa shekara 2 yake aiki. 'Yan yankinmu sun fi shan wuya a sauraro, saboda Faransancin da ke fitowa daga na'urar jarrabawa yana da sauri da karin da ba na mushen ƙauye ba. Maganinsa rediyo ne, kullum.

Cibiyoyin koyon harshe na jami'o'i suna da wasu ƙa'idodi da ke ba baƙo mamaki. Wanda ya taɓa koyon harshen sai ya yi gwajin tantance mataki, kuma inda gwajin ya ajiye shi nan zai zauna: ba ya tsallakawa sama don gaggawa, ba a kuma barinsa ya sauka ƙasa don ya kwashi maki a sauƙaƙe. Ajin harshe kujerunsa ƙidayayyu ne, tunda dole kowa ya yi magana. A jami'o'in Amurka da dama, wanda bai halarci zaman farko ko na biyu ba ana iya soke sunansa a ba na jerin jira. Ga wanda ya saba da cewa makon farko na shekara ba a komai, wannan darasi ne mai tsada.

Hanyar Faransa kanta ta yi wuya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon Janairu 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta, ta ce ofisoshinta na ƙasashen yankin ne za su riƙa kula da harkokin takardu. Ko ba wannan ba, lissafin yana da nauyi. Neman shiga shekarar farko ana buɗe shi a Oktoba a rufe a tsakiyar Disamba, wato watanni kafin ɗalibi ya zana bak. A 2019 aka sa wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na Yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, ko da yake jami'o'i da yawa sun riƙa yafe wani kaso. Yuro 1 kusan sefa 656 ne, wato kuɗin ya haura miliyan 1 da dubu 800. A lokacin ana kuma son shaidar Yuro 615 na ci da kwana a kowane wata, sama da jika 400. Nawa ne buhun wake a kasuwar Tasawa? Kowa ya yi lissafinsa. Shawarata ga mafi yawan gidaje ita ce lisans a gida, sannan a nemi mastar a waje, inda burs ya fi samuwa kuma yaro ya riga ya nuna abin da zai iya.

A kudu kuwa abin juyewa yake. A Najeriya Faransanci baƙon harshe ne da ake nema da kuɗi. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna koyar da shi, kuma tun farkon shekarun 1990 akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry inda ɗalibai ke zuwa don su zauna cikin harshen. Ɗan Tasawa mai lisans ta gaske, wanda ya ƙara da Ingilishi, yana da kasuwa a makarantun Katsina da Kano da harkar fassara a kan iyaka.

Italiyanci: hanyar da dillalai suka tare

Italiyanci ba ya cikin darussan da yaro ke haɗuwa da su a lise ta Tasawa ko ta Mayahi. Mai son ya yi digiri a harshen kansa sai ya duba waje: Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana koyar da shi, haka Jami'ar Dschang a Kamaru, haka jami'o'in Bilida da Annaba a Aljeriya. Amma mafi yawan masu tambaya ba adabin Dante suke so ba. Suna son karatun noma ko injiniya ko aikin jinya a Italiya, harshen kuma mabuɗi ne kawai. Italiya ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2017, kuma ba ta tafi ba lokacin da Faransa ta tafi, shi ya sa sunanta ya ƙara yawo a bakin samari.

Ƙa'idarta a fili take, kuma babu dillali a cikinta. Sharaɗi na farko shi ne shekara 12 na karatu kafin jami'a. Tsarinmu na firamare 6, kwaleji 4, lise 3 ya ba da 13, don haka bak ta wadatar ta wannan fuska. Ɗalibi zai nemi gurbi kai tsaye a jami'ar da yake so, sannan ya yi rajistar farko a shafin gwamnati mai suna Universitaly. Idan jami'a ta amince da buƙatar a shafin, sai ya nemi bizar karatu a ofishin Italiya da ke da hurumin ƙasarsa. Amincewar jami'a ba ta tilasta wa ofishin ba da biza, hukunci biyu ne daban, kuma a shekarun nan ƙarshen Nuwamba ne iyakar karɓar buƙatun biza na shekarar. Kowane fanni yana da adadin kujerun da aka ware wa baƙi mazauna waje. Wasu fannoni suna da jarrabawar shiga, irin gwajin TOLC da jami'o'i da yawa ke amfani da shi. Za a kuma nemi shaidar darajar bak ɗin, ko dai daga ofishin jakadanci ko daga cibiyar CIMEA, tare da fassarar takardu.

Idan da Italiyanci ake koyar da fannin, sai an nuna B2, ko ta gwajin da jami'ar ke shiryawa ko ta ɗaya daga shaidun da aka yarda da su: CILS ta Jami'ar Baƙi ta Siyena, CELI ta Jami'ar Baƙi ta Feruja, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da ta Jami'ar Roma Tre. Takardar da wata cibiya ta bayan gida ta buga da kwamfuta ta ce mutum ya yi wata 3 yana koyon Italiyanci ba ta cikin waɗannan. Masu koyar da harsuna kan ƙiyasta awa 500 zuwa 600 kafin mai farawa ya kai B2. Mai Faransanci mai kyau yana da rangwame babba, domin kalmomi da ginin jimla sun yi kama ƙwarai, kuma Italiyanci yadda aka rubuta shi haka ake furta shi, har da baƙaƙe masu ruɓi irin waɗanda kunnen Bahaushe ya saba rarrabewa. Amma rangwamen na mai Faransanci mai kyau ne. Wanda nahawunsa ke rawa a harshe na farko, rawar za ta bi shi zuwa na biyu. Akwai fannoni da ake koyarwa da Ingilishi, musamman a mastar, su kuma shaidar Ingilishi suke nema.

Sai kuɗi. Ofishin biza yana son shaidar kuɗin zama na shekara, wanda a shekarun baya ya haura Yuro 6,000, wajen miliyan 4 na sefa, da masauki, da inshorar lafiya. Gaskiya ne cewa jami'o'in gwamnati a Italiya suna daidaita kuɗin makaranta da ƙarfin gidan ɗalibi, kuma jihohi suna ba da tallafin karatu ga marasa hali, har da baƙi. Amma sai an kawo takardun shaidar abin da gida ke samu, fassararru masu hatimi, kuma kuɗin tallafin sai bayan an isa an zauna yake fitowa. Ma'aikatar harkokin wajen Italiya ma tana da burs nata, wanda ya fi karkata ga mastar da dakta da kwasa-kwasan harshe, kuma kowace shekara sanarwar ce ke faɗin ƙasashen da aka buɗe wa. Akwai kuma shirin UNICORE da ya taɓa haɗawa da Nijar, amma na 'yan gudun hijira ne masu takardar shaida, ba na 'yan ƙasa ba.

Waɗannan gaskiya-gaskiyar ne dillali ke yanka ya ɗinka. Zai ce karatu kyauta ne a Italiya, ya ɓoye sharaɗin. Zai ce yana da mutum a ciki. Zai turo hoton takardar karɓa ta WhatsApp ya ce a aiko da rabin kuɗi kafin Juma'a, kujera ɗaya ta rage. An ga gidajen da suka sayar da shanun noma ko suka jinginar da gona a kan irin wannan. Hanyar gane shi ba ta da wuya. Ɗalibi da kansa, da adireshin imel nasa, shi ke buɗe shafinsa a Universitaly, kuma a nan zai ga ko jami'a ta amince. Duk wanda ya ce shi zai riƙe kalmar sirri, ko ya ce a biya kuɗin makaranta a asusunsa, ko ya yi alƙawarin biza, a rabu da shi. Takardar banki ta jabu kuwa ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba, tana ɓata sunan yaro a ofisoshin biza na ƙasashen Turai.

Wani abin da zai ba wasu mamaki: a Jami'ar L'Orientale ta Nafoli, wadda asalinta ya koma 1732, ana koyar da Hausa, kamar yadda ake koyar da ita a INALCO ta Faris. Ɗan Mayahi da ya yi kimiyyar harshe a Yamai, ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, ya ƙara da Italiyanci, idan ya nemi mastar a irin wannan wuri ba hannu sake zai je ba.

Wanda Allah ya ba shi biza, aikin takarda bai ƙare ba. Cikin kwana 8 na aiki bayan ya sauka dole ya nemi izinin zama, sannan ya kammala rajista ta ƙarshe a jami'a da takardunsa na asali, domin ta intanet ɗin ta farko ce kawai. Sabunta izinin yana rataye da cin jarrabawa, kuma doka awa 20 a mako ta yarda ɗalibi ya yi aiki, abin da ba zai ɗauki nauyin karatu da aiken gida tare ba. Iyaye su san wannan tun kafin su fara kiran waya suna tambayar kuɗin taki. Kafin a biya ko dala a kowace makaranta ta waje, ta Italiya ce ko ta Dakar ko ta Kwatano, a tambayi OBEECS ko takardar da makarantar ke bayarwa tana samun daidaito a Nijar, domin sai da wannan daidaiton ake karɓar ta a gasar shiga aikin gwamnati.